Mako na shida a surfani: mayafin Bulus

'Yan uwa masu koyo, sannunku da allura. Wannan makon na ajiye furanni na koma rubutun suna, domin maƙwabciyata ta haihu, an sa wa yaron Bulus, na ce bari in yi masa ɗan mayafin goyo mai sunansa.

Haruffa biyar ne kacal, amma sun ci mini kwana huɗu. B da L ba su ba ni wahala ba. U ɗin nan guda biyu ne suka ƙi zama iri ɗaya, na farko ya yi ƙiba, na biyu kamar an matse shi a ƙofa. S kuwa sau uku ina warwarewa, har yadin ya fara nuna ramukan allura. Kuskurena shi ne ina jan zare da ƙarfi a wurin lanƙwasa. Da na rage tsawon ɗinkin sarƙar, na fara zana harafin da fensir, sai ya kwanta.

Ina cikin warwara ne na shiga binciken sunan, wanda na daɗe ina ɗauka na Larabci ne. Ashe asalinsa Latin ne, Paulus, ma'anarsa ƙarami. Laƙabi ne na wani gida a Rum tun kafin Kiristanci; Aemilius Paullus na gidan shi ya ci sarkin Makidoniya da yaƙi a Pydna shekara 168 kafin haihuwar Annabi Isa. Wanda ya watsa sunan a duniya shi ne Manzo Bulus mutumin Tarsus, a Turkiyya ta yau, wanda sunansa na Yahudanci Shawulu. Daga nan ne Sifaniyawa suka sami Pablo, Italiyawa Paolo, Rashawa Pavel.

Abin da ya fi burge ni shi ne B ɗin farko. Mu idan muka ari kalmar Turanci mai P, F muke mayar da ita: fenti, famfo, fasinja. Da ta bakin Bature, mai cewa Paul, sunan ya zo mana, da wataƙila Fol za mu ce. Larabawa ne ba su da P suke mayar da ita B, suka ce Bulus, kamar yadda suka ce Butrus, mu muka ce Bitrus. Ke nan zatona bai yi nisa da gaskiya ba, ta hannunsu ya biyo.

Wani abin haushi kuma, Rumawa da V suke sassaƙa harafin U a dutse, PAVLVS, layi biyu miƙaƙƙu. Da haka muke rubutawa da na huta!

Saura in rufe bayan ɗinkin da yadi mai laushi kada ƙullin zaren ya goge wa jariri fata. Wadda ta san dabarar ɓoye ƙulli ba tare da ya kwance a wanki ba, ta taimaka mini kafin Asabar.