Makon da Kawu Ya Sauka a Wurina a Istanbul

Wata biyar na yi ina zuwa ajin Turkanci na TÖMER, cibiyar koyar da baƙi harshen, a Istanbul, bakina bai buɗe ba. A takarda ina ƙoƙari, har na haye matakin A2, mataki na biyu na masu fara koyo, amma da mai kanti ya yi mini magana sai harshena ya ɗaure. Turkanci ɗafi ake jera wa kalma: ev gida ne, evler gidaje, evlerimizde kuma "a gidajenmu". Aikatau sai a ƙarshen jimla yake zuwa, dole ka yi haƙuri mutum ya dire. Abin da ya riƙa sanyaya mini rai shi ne kalmomin da mu da su duk muka aro daga Larabci, irin su zaman, dünya, haber da kalem, wato zamani, duniya, labari da alƙalami.

Abinci ma sai da na sha fama. Karin kumallonsu zaitun ne da cuku da tumatir da burodi, sai baƙin shayi a ɗan kofin gilashi, ba madara. Miyar mercimek, wani ɗan ƙaramin wake, ce ta fara shiga raina, musamman a lokacin sanyi.

Ana nan sai Kawu ya bugo waya daga Kano, zai zo sarin dogayen riguna a unguwar Laleli. Ya ce, "Ɗana, kai ne tafintana." Gabana ya faɗi, amma ba a ce wa kawu a'a.

A shagon farko na tarar da mai shi yana ɗaure kaya, na ce masa "Kolay gelsin." Ya ɗago yana murmushi, ya jawo mana kujeru, ya aika a kawo shayi. Kawu ya tambaye ni me na ce. Da na fassara sai ya riƙe baki: "Ashe su ma suna da sannu da aiki?" Muka yi ciniki kusan awa guda, ina ta kuskuren ɗafi, mutumin bai damu ba ko kaɗan. Gaisuwar ya riƙe. A ganina da ita ya kamata a fara koya wa baƙo kafin nahawu, domin kwana shida da na yi ina bin Kawu shago-shago sun sakar mini baki fiye da watannin aji.

Kawu ya zo da kuka da daddawa da yaji. Na tuƙa tuwo da irmik, garin alkamarsu mai tsaki-tsaki, ƙamshin daddawa ya cika benen. Na zuba a kwano na kai wa tsohuwar da ke maƙwabtaka da ni, wadda nake kira teyze, wato inna. Washegari ta dawo da kwanon cike da börek mai zafi, wani abincin fulawa da ake cusa wa cuku ko nama, don a al'adarsu ba a mayar da kwano wayam. Ta dubi Kawu ta ce, "Afiyet olsun." Wannan kam bai jira fassara ba, ya ji lafiya a ciki, ya amsa mata da amin.