Wutar tana batir, ba ta isa fitila

Yau na kai tsohuwar Hiace ɗin Baba wajen mai gyaran wayar mota a Ƙofar Ƙaura, saboda fitilunta sun koma ja kamar aci-balbal. Da ma niyyata a sa mata ƙwai mai wat 100. Malamin ya ce, "Alhaji, dakata tukuna." Ya tayar da injin, ya ɗora mita a kan batir, ta nuna bolt 14. Ya zagayo ya taɓa bayan ƙwan fitila, sai ga 11 da ɗan kai. Na tsaya ina kallon mitar nan. Ashe wutar sai ta bi ta makunnin sitiyari da siririyar waya da soket mai tsatsa, kafin ta iso ta rage. Shi kuwa ƙwan halojin, irin wanda ke cikin fitilun motar nan, ragin kashi 10 cikin 100 na bolt kan cinye kusan sulusin haskensa.

Malamin ya sa rile biyu, wato makunnan da 'yar wuta daga makunnin sitiyari ke kunnawa su kuma su saki wutar batir zuwa fitila, da fiyus, ya ja waya mai kauri daga batir kai tsaye, ya kankare inda wayar ƙasa ke kama jikin mota. Ƙwan nan dai na da ne, mai wat 60/55, amma da magariba haske fari tas. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi, don Baba ya sha bin hanyar Daura ta Mashi da dare cikin hazo, yana cewa idonsa ne ya raunana. Gobe in Allah ya kai mu zan ba shi makulli ya gwada da kansa.