Abun da ya sa Windows ba ta yarda ka sa wa folda suna CON

Jama'a duk wanda ke da Windows a gabansa yanzu ya gwada wannan, ka buɗe sabuwar folda ka sa mata suna CON ka danna enta. Wallahi ba za ta yarda ba. Gwada PRN ko NUL, duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Kwamfutar da ke haɗa bidiyo tana gem tana komai amma haruffa uku sun gagare ta, kuma dalilin ya girmi da yawa daga cikinmu, tun shekarun 1970 yake can Kalifoniya.

Ni dai na daɗe ina bin hirarrakin mutanen da suka rubuta manhajojin farko masu tafiyar da ƙananan kwamfutoci, irin waɗanda suka yi bayan sun manyanta, kuma abun da kullum yake ban mamaki shine 'yan tsiraru ne fa, kuma kusan kowannensu a gaggauce yake aikin, babu wanda ya ɗauka abun zai kai yau.

A farkon shekarun 1970 Gary Kildall malami ne a makarantar sojan ruwa da ke Monterey, yana ɗan yi wa Intel aiki a gefe. A lokacin in kana son loda firogiram sai dai da tef ɗin takarda mai huji-huji, abun haushi. Sai ya samo tsohon injin faifai daga kamfanin Shugart, abokinsa John Torode ya haɗa masa na'urar da za ta sa injin ya riƙa magana da kwamfuta, shi kuma ya rubuta manhajar da za ta kula da fayiloli, wato CP/M, wajen 1974. Ya kai wa Intel suka nuna ba su da sha'awa. To shi kenan shi da matarsa Dorothy McEwen suka buɗe kamfani a gidansu a Pacific Grove, wai har sunansa Intergalactic Digital Research, daga baya dai suka ga abun ya yi tsawo suka bar shi Digital Research.

Inda mutumin nan ya burge ni shine maganar BIOS. Kowane kamfani da irin injinsa, wannan faifansa daban, wancan kibod ɗinsa daban, in ka ce za ka sake rubuta manhaja gaba ɗaya saboda kowa ai sai ka haukace, sai ya ware duk abun da ya shafi ƙarfen injin ya zuba shi a ɗan ɓangare guda, sauran kuma ya bar shi yadda yake, duk mai sabon inji wannan ɗan ɓangaren kawai zai gyara. Da haka CP/M ta mamaye kasuwa, firogiram irin su WordStar da dBASE duk a kanta suka tashi. A nan ne kuma CON ya samo asali, sunan kibod da sikirin ne, PRN kuma firinta. Da DOS ta zo, wato manhajar Microsoft da ta gabaci Windows, ta ɗauki tsarin, kuma DOS ta farko ba ta da folda kwata-kwata, don haka duk inda ka rubuta CON na'urar ake nufi, tsofaffin firogiram suka dogara da haka, Microsoft kuma har yau tana tsoron taɓawa kar wani abu ya karye a wani wuri.

Sai labarin da kowa ya sani, wai IBM sun zo a 1980 neman manhajar da za ta tafiyar da sabuwar kwamfutarsu, Kildall ya tafi shawagi da jirginsa ya bar su. Ni gaskiya wannan labarin yana ban haushi don an rage shi sosai. Eh ya hau jirgi ranar, amma abokin aikinsa Tom Rolander wanda suke tare ya sha faɗa cewa kaya suka kai wa kwastoma kuma sun dawo a ranar. Abun da ya fara ɓata lamarin takardar rufe sirri ce da IBM suka ajiye wa Dorothy ta sa hannu kafin ma su faɗi me ya kawo su, takarda mai gefe ɗaya, ita kuma ta ja baya. Sannan ga babbar matsala, CP/M ɗin da za ta hau sabon guntun Intel mai bit 16 ba ta kammala ba.

Wannan jinkirin shi ya haifar da komai. A Siyatil akwai wani ƙaramin kamfani, Seattle Computer Products, sun ƙera allon kwamfuta mai wannan guntun na Intel, wato 8086, suna sayarwa amma ba manhajar da za ta tafiyar da shi, sun jira Digital Research har sun gaji. Injiniyansu Tim Paterson, ɗan shekara 23 a lokacin, ya ce bari ya haɗa wani abu kafin ta gaske ta fito. Ya fara a Afrilun 1980, zuwa Agusta ta fara aiki, ya sa mata suna QDOS wanda shi kansa sunan cewa yake aikin gaggawa ne ba tsafta. Ya ɗauki littafin bayanin CP/M ya bi lambobin kira, wato lambobin da firogiram ke neman aiki da su wajen manhajar, ɗaya bayan ɗaya don masu firogiram su iya dawo da kayansu ba wahala, shi ya sa a duka biyun in kana son buga rubutu a sikirin kira na 9 za ka yi kuma sai ka rufe rubutun da alamar dala. Kildall har ya rasu a 1994 yana ganin an kwafe masa aiki. Paterson kuma ya tsaya kai da fata cewa bai taɓa ganin kod ɗin ba, kuma wajen ajiye fayil ma wani tsari daban mai suna FAT ya yi amfani da shi wanda daga Microsoft ya samo. A 2012 wani masani Bob Zeidman ya gwada kod ɗin biyu bai samu shaidar kwafi ba. A ganina siffar ce aka ɗauka, kuma siffar ai ita ce wahalar, amma dai kowa da yadda yake kallo.

Da IBM suka koma wajen Microsoft neman manhajar, sai Microsoft suka fara biyan Seattle Computer Products dala 25,000 na lasisin QDOS ba tare da sun faɗi wane ne kwastomansu ba, sannan a Yulin 1981 suka ƙara dala 50,000 suka saye ta ɗungurungum, saura 'yan makonni IBM PC ta fito a ranar 12 ga Agusta.

Tsakanin nan kuma akwai labarin ɗakin. IBM sun aiko wa Microsoft samfurin injin daga Boka Raton da ke Filorida, da sharaɗin a kulle shi a ɗakin da ba taga, ƙofa a rufe ko da mutum na ciki, takardu ma a akwati mai makulli. Ɗaki ƙarami ba iska, injin na fitar da zafi, ga shi wayoyinsa da hannu aka naɗa, sai ya riƙa yin abubuwan da ba a gane kansu ba, Bob O'Rear wanda aka ɗora wa aikin sai ya ɓata kwanaki yana neman kuskure a kod ɗinsa ashe ƙarfen ne ke da laifi. Duk wanda ya taɓa rubuta firogiram ya san wannan takaicin.

Kuma fa IBM ba su watsar da Kildall gaba ɗaya ba, sun sayar da CP/M-86 ɗin daga baya, amma a dala 240, ita kuwa PC DOS, wato sunan da IBM ta sa wa manhajar da ta samu daga Microsoft, dala 40. To wa zai saya? Ga shi Bill Gates ya riƙe 'yancin sayar wa wasu kamfanoni da sunan MS-DOS, da su Compaq suka fara ƙera masu kama da IBM sai kuɗi ya riƙa shigowa ta ko'ina.

Sauran tarkacen ma duk haka suke. C: da kuke gani saboda A da B na injin faifai ne, hard disk ya zo a baya ya samu na uku. Sandar nan mai kwanciya baya (\) da ke cikin adireshin fayil kuma a 1983 ta shigo da DOS 2.0, lokacin da aka kawo folda, don mai kwanciya gaba (/) an riga an ba ta aikin zaɓin umarni. Amma wanda ya fi ban dariya EDLIN ne, ɗan editan rubutu mai layi-layi wanda ko ganin shafinka gaba ɗaya ba ka yi, Paterson ya haɗa shi cikin sati biyu yana tunanin wata shida zai yi a jefar, sai ga shi har cikin Windows 10 mai bit 32 yana nan.