Saƙon godiya bayan laccar da aka gabatar kan ƙafafun dabbar wel

A madadin waɗanda suka shirya zaman, ina miƙa godiya ga duk wanda ya halarci laccar da aka gabatar kan asalin wel, babbar dabbar tekun nan mai shaƙar iska da shayar da 'ya'yanta nono, da kuma ragowar ƙafafun baya da ke ɓoye cikin naman jikinta. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Babbar godiya ta tabbata ga malamin da ya gabatar da darasin, domin bai nemi a gaskata shi da baki kawai ba, sai da ya bi da mu ta kan ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya. Ya fara da Pakicetus, dabba mai ƙafa huɗu da aka tono a Pakistan aka bayyana ta a 1981, wadda ta rayu kimanin shekaru miliyan 50 da suka wuce, kuma ƙashin kunnenta ne ya sa masana suka danganta ta da wel. Daga nan ya wuce kan Ambulocetus, wanda aka bayyana a 1994, mai iya tafiya a tudu da iyo a ruwa. Inda ya fi jan hankalina, a gaskiya, shi ne Basilosaurus na Wadi al-Hitan a Masar: dabba mai tsawon da ya kai mita 15, amma ƙafafunta na baya ba su wuce santimita 60 ba, ga gwiwa ga yatsu, alhali ba za su taɓa ɗaukar nauyinta a doron ƙasa ba. Ya ƙara da cewa ƙashin idon sawu da aka ba da rahotonsa a 2001 ya haɗa waɗannan dabbobi da dangin shanu da barewa, kuma dorina ce 'yar'uwar wel mafi kusa a cikin masu rai.

Muna kuma godiya ga 'yar'uwarmu da ta zana hotunan da aka nuna, musamman na ɗan tayin dolfin, wata dabbar teku 'yar dangin wel, wanda tsiron ƙafafun baya ke fito masa a makonnin farko sannan ya koma ya ɓace kafin haihuwa. Hoton ya sa aka fahimci dalilin da ya sa jefi-jefi ake samun wadda tsiron bai ɓace mata ba, kamar dolfin ɗin da aka kama a Taiji ta ƙasar Japan a 2006 da ƙarin filafilai biyu kusa da wutsiya.

Waɗanda ba su gamsu da bayanin ba, suka kuma faɗi hakan cikin ladabi, su ma sun cancanci yabo.

Godiya ta musamman ga ɗalibin da ya tambaya ko ƙashin ƙugun da ya rage a jikin wel, da bai haɗu da ƙashin baya ba, ya zama marar amfani ke nan. Tambayarsa ce ta sa malam ya fayyace cewa ƙashin ya bar aikin tafiya ne kawai, amma har yanzu tsokokin gaɓoɓin haihuwa a jikinsa suke kama, kamar yadda wani bincike na 2014 ya ƙara tabbatarwa. Mun gode masa, mun kuma gode wa waɗanda suka kula da na'urori har aka tashi lafiya.