Kwana biyu ina fama da kafireto huɗu, ashe roba ce ta tsage

Har yanzu in na tuna sai haushin kaina ya kama ni. Mu nan Birnin Kebbi abin da muka saba kwancewa Bajaj Boxer ne da Jincheng da Haojue, silinda ɗaya kafireto ɗaya, ko ido rufe sai in haɗa. Sai ga wani Alhaji ya turo mini mashin ɗinsa Honda CB400 da ya shigo da shi ta Kwatano, kafireto huɗu a jere, ƙirar Keihin. Sulo, wato tafiyar inji in ba a taɓa totur ba, ba ya zama, sai hawa da sauka kamar mai shessheƙa.

Wanke kafireton huɗu bai ba ni wahala ba, daidaita su ne aikin. Na ɗora su kan tebur, na zura siririyar waya ƙarƙashin faifan totur na uban kafireton, wanda sauran ke bi, na murɗa sukurun sulo har faifan ya ɗan ciji wayar. Sauran ukun na bi su da sukurorinsu har cizon ya zama iri ɗaya. Kada ka danna sukudireba, sifirin ne a ƙasa, kana dannawa ka yaudari kanka. Kowace murɗawa, buɗe totur ka sake shi ya koma da kansa, sannan ka sake gwadawa.

Na mayar, na tayar. Jiya i yau. Na sake cirewa. Sau uku fa! Wanda bai taɓa cusa kafireto huɗu cikin busassun robobin da ke haɗa su da inji a zafin Afrilu ba, bai san ciwon yatsa ba. Kuma duk lokacin nan robobin suna hannuna, ban ko juya su na duba ƙasansu ba.

Ran na biyu da la'asar maigidana da ya koya mini aiki ya biyo. Ya tsaya ya saurari injin, ya ce, "Yaro, mi kaka nema cikin kafireto?" Na ce, "Oga, sun ƙi daidaita." Bai tanka ba. Ya ɗauki gwangwanin maganin wanke kafireto ya fesa kan robobin da ke tsakanin kafireto da inji, ɗaya bayan ɗaya. Yana zuwa ta uku sai ƙarar injin ta canza. Tsaga ce a ƙasa, ba ta kai tsawon farce ba, iska na shiga ta bayan fage. Ko shekara zan yi ina murɗa sukuru, silindar nan ba za ta bi 'yan'uwanta ba.

Kwana tara muka jira sababbin robobi daga Legas. Da suka iso, aikin tebur bai ci minti 30 ba. Shi ma share fage ne kawai. Sai da inji ya yi zafi na haɗa farin tiyo mai ɗan baƙin mai a ciki tsakanin silinda biyu-biyu, na riƙa murɗawa har man ya tsaya kai ɗaya a ɓangarorin biyu.

Alhaji ya biya kuɗin aiki ɗaya. 'Yan kabu-kabu shida da suka gaji da jirana a kwana biyun nan kuwa, huɗu har yau garejin maƙwabcina suke kai mashinansu.