Ɗoɗɗoya da Iskar Hunturu

Da zarar Disamba ta kama, wayata ba ta hutawa. "Malam, ɗoɗɗoyata ta yi baƙi, ganyen duk ya langaɓe." Sai in ce, "Hajiya, a wurina kika saya?" Yawanci shiru nake ji.

Ɗan lambuna yana kan hanyar Jos, nan Bauchi, kuma ɗoɗɗoya iri biyu nake reno. Ta gida, mai faɗin ganye da ake zubawa a farfesu, ba ta da matsala. Tana zama kamar ƙaramar bishiya, ta yi shekaru tana bayarwa. Ta Turawa kuwa, mai ganye sumul mai sheƙi wadda masu otal ke nema, 'yar gata ce. A Turai ƙanƙarar dare ɗaya ta ishe ta, shi ya sa suke shigar da ita ɗaki su ajiye a bakin taga har sanyi ya wuce. Mu ƙanƙara ba ta sauka mana, amma sanyi na sauka ƙasa da digiri 10 ganyenta zai fara baƙi. Ga iskar hunturu tana tsotse shi, ga ƙura ta lulluɓe.

A hannun kawuna na koya, Allah ya jiƙansa, a lambunsa da ke kusa da madatsar Gubi. Kafin iska ta juya ya riga ya kafa zana ta gabas da arewa. Bayan isha'i yakan dafa katangar laka da tafin hannu, ya ce in taɓa. Ɗumi ɗumi take. Nan yake jera tukwanen, ya baza buntun shinkafa a gindinsu. Wata shekara na yi ƙyuya da safe, na bari sai magariba na ba su ruwa har kan ganye. Gari na wayewa rabinsu sun yi ɗigo-ɗigon baƙi. Bai zage ni ba, cewa ya yi in ƙirga su da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Tun ranar sai hantsi nake ban ruwa, kuma a gindi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu yawo da baro. Su karyo reshe da safe, su soka a leda, da yamma ya zama "shuka". Ja shi a hankali ka gani, zai taho ba saiwa ko ɗaya. Kwana uku ya mutu, a ce sanyi ne.

Ni reshen da bai yi fure ba nake zaɓa, tsawon ɗan yatsa, in yanka daidai ƙasan gaɓa, in cire ganyen ƙasa, in tsoma a kwalbar ruwa. Duk kwana biyu ina sauya ruwan. Cikin kwana 10 zuwa 14 fararen saiwoyi sun fito, sannan ya shiga ƙasa mai yashi da tsohon taki, ya ƙara mako biyu a inuwa. Wata guda ke nan ina bauta masa, sai wani ya zo ya taya rabin kuɗi, wai na mai baro ya fi sauƙi.

Idan kin saya, Hajiya, ki riƙa tsinke furen da ya leƙo, don in ta yi iri ta gama aikinta. Kuma kada ki sa ganyen a firij, baƙi zai yi. Ki tsoma rassan a kofin ruwa a kicin.

Na bana suna jere jikin katanga. Wanda ya zo, ya ja da hannunsa ya gani kafin mu yi ciniki.