Tsawar da aka yi a filin taro

Mu bakwai ne malamai a firamaren ƙauyenmu, a ƙasar Ringim. Cikinmu akwai malamin lissafi da muka yi NCE tare a Kwalejin Ilimi ta Gumel. Da damina, in ruwa ya cinye hanya, a ƙofar gidan mai unguwa yake jingine babur, ya naɗe wando ya ratso da ƙafa. Allon ajinsa da garin tsohon batir yake baƙanta shi. Bayan la'asar kuma ya tara 'yan aji shida a gindin darbejiya yana shirya su jarabawar shiga sakandare, ko sisi ba ya karɓa.

Wata Litinin ya makara, don a asibiti ya kwana da ɗansa. Hedimasta bai tambayi dalili ba. Yara na jere a filin taro ya ɗaga murya: "Kai Malam, nan gidanku ne da za ka zo lokacin da ka ga dama?" Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, ranka ya daɗe." Kafin sati ya zagayo, da kunnena na ji wani yaro yana kwaikwayon tsawar a bayan aji, sauran na dariya.

Daga nan ofis ya dare biyu, 'yan gaban goshi da sauranmu. Kwanon ɗanwaken da muke haɗuwa a kai lokacin tara ya watse. Gaisuwa ta koma ciki-ciki, kuma duk abin da ka faɗa sai ka tsince shi a ofishin sakataren ilimi.

Kullum in malami ya yi sanyi da aiki ana ɗora laifi kan albashi, kuma gaskiya ne, naira 70,000 da aka yanke a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi ba ta riƙe gida. To amma shekara nawa wannan bawan Allah yana haƙuri da ƙaramin albashi bai gaza ba? Cin fuskar ce ta karya shi. Na san hedimasta ma masu duba makarantu na matsa masa, sai dai ofishinsa yana da ƙofa, da ya kira shi ciki.

Yanzu Malam ba ya makara. Ya sa hannu a rajista, ya yi darasinsa, ana kaɗa ƙararrawa ya hau babur. Takardarsa ta neman canjin makaranta tana can tana jiran sa hannu. Jiya wata 'yar aji shida ta tare ni a bakin rijiya, wai yaushe za a koma karatun gindin darbejiya.